Daga Kwarin Kaladan Zuwa Ƙofar Hakimi: Mazan Jiyan Ƙasar Karaye

Idan tsohon soja ya rasu a Kurugu, ko a wani gari na ƙasar Karaye da Rogo, shaidar da ake bayarwa a zauren makoki ba ta da tsawo. Wani dattijo zai gyara zama a kan tabarma ya ce, "Allah ya jiƙan Baba Saje. Ya yi soja, ya yi aikin En'e, kuma ladan bai taɓa riga shi zuwa masallaci ba." Sai a shafa fatiha, masu shigowa su shigo, masu fita su fita. Shekara casa'in ko fiye ke nan an naɗe su cikin magana uku. Samarin da ke tsugune a bakin zaure ba su san wane soja ya yi ba, ba su san wa ya yaƙa ba, wasunsu ma ba su taɓa jin mene ne En'e ba.

Wannan rubutu a kan irin waɗannan dattawa ne, waɗanda aka ɗiba daga ƙauyukan Arewa aka kai yaƙin Hitila, suka dawo suka ƙare ƙarfinsu a ƙananan ayyukan hukuma, suka tsufa a sahun farko. Lissafin mai sauƙi ne: wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1942, in yana raye yau ya haura ɗari. Kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage shi ne abin da 'ya'yansu suka riƙe a ka, da abin da ke kwance a gindin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Yadda aka ɗebe su

Yaƙin ya ɓarke a Satumba 1939, wata takwas bayan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a hannun Malam Abubakar Imam. Ta bakinta ne mutanen karkara da yawa suka fara jin sunan Hitila, in malamin makaranta ko malamin hakimi ya karanta wa jama'a. A lokacin Sarki Abdullahi Bayero ne ke kan gadon Dabo, Karaye kuwa gunduma ce a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, ta Kano. Ingila tana son abu uku daga wannan ƙasa: gyaɗa, kuza da mutane. Filin jirgin saman Kano ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana a bi da su ta Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Bayan Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuzarta, sai aka shiga ɗibar talakawa aikin tilas a ma'adinan Jos daga 1942 zuwa 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane masu yawa.

Neman soja shi ma ta hanyar da aka saba ya biyo: daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Akwai waɗanda suka kai kansu, don albashi, ko don kaki, ko don gudun haraji, ko don wata rigima ta gida. Akwai kuma waɗanda dagaci ya nuna da yatsa domin a cika adadin da aka ɗora masa, kuma ba 'ya'yan masu hali ake nunawa ba. Daga nan sai Zariya, inda dafon horar da kurata yake tun 1924. A can ɗan ƙauye ya koyi hagu-dama, ya koyi wanke bindiga, ya samu lambar da za ta maye gurbin sunan ubansa a bakin hafsa. Hausa ce harshen bariki, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta, ita ce kuma ta haɗa Bahaushe da Babarbare da Batibi da Bazabarme a layi ɗaya.

Rukunin farko Gabashin Afirka aka kai su, suka kara da sojojin Italiya. Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ta zarce zuwa Harar ta ƙasar Habasha cikin saurin da har yau masana tarihin soja ke ambato. Amma yaƙin da ya tsaya a bakin mutane shi ne na Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar.

Gizo da gammo

An kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a 1943, aka zuba ta a jirgin ruwa daga Ikko, aka zagaya ta Afirka ta Kudu har Bombay. Runduna ta 82 ta biyo baya a 1944. Jimillar 'yan Afirka ta Yamma da suka je can ta kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Tambarin da ta 81 ke ɗinkawa a kafaɗa baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, an ɗauko shi daga tatsuniyar mutanen Asante, wanda halinsa da na Gizonmu duk ɗaya ne. Na ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye, sun ratsa ta cikin gammo.

Gammon nan ya cancanci a tsaya a kansa. Dalilin da ya sa Turawa suka ga 'yan Afirka ta Yamma za su yi amfani a dazukan Arakan shi ne, a can mota ba ta shiga, alfadari ma wani wurin sai ya tsaya. Don haka aka kafa rukunoni na musamman na masu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, sassan igwa, akwatin waya, magani, da gadon ɗaukar wanda aka harba. Dubban samarinmu aikinsu ke nan, da yawansu adda kawai ke hannunsu, suna hawa tsaunin da ko mai hannu sake sai ya dafa ƙasa. Abincin rundunar daga sama jirgi ke jefo shi da laima. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar mota mai tsawon kimanin mil 75 zuwa kwarin Kaladan. In ka ji tsoho ya ce "na yi Burma" amma bai cika son maganar harbi ba, mai yiwuwa ɗan gammo ne, kuma ba don wuyansa ba da masu bindigar ba su kai ko'ina ba. Ni a ganina babu wanda aka fi zalunta wajen mantuwa irin waɗannan.

Wasu bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an cire su aka haɗa da dakarun Janar Orde Wingate da ake kira Chindit. An sauke su da jirgin sama a bayan layin Japanawa a 1944, suka tsare sansanin da aka yi wa laƙabi da White City. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau sarauta a 1944, har can ya bi su ya gaishe su.

Ka ɗauki mutumin da ya tashi a gefen kogin Challawa, wanda ya san damina wata huɗu ce mai tafe da hutu tsakanin ruwa da ruwa, ka ajiye shi inda ruwan damina ɗaya ya ninka na Kano sau biyar. Tufa ba ta bushewa. Matsattsaku na manne a ƙafa, zazzaɓi da atini suna kwantar da mutane fiye da harsashi. Azumin 1944 a tsakiyar wannan ruwa ya faɗo, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Sannan ga wani abu da ya girgiza da yawansu: mutumin da tun yana yaro yake fuskantar mafitar rana in zai yi salla, ya iske a Burma alƙibla tana mafaɗarta, domin ya wuce Makka ya bar ta a baya ba tare da ya gan ta ba. Ga kuma Musulmi a ƙauyukan Arakan, talakawa manoman shinkafa, ba sa jin Hausa, amma sallama da fatiha ɗaya ce. Jikokin waɗannan mutane su ne 'yan Rohingya da aka kora fiye da 700,000 zuwa Bangladash a 2017.

Labari ɗaya da aka rubuta

Cikin dubban nan, ƙalilan ne suka bar labarinsu a takarda, kuma wanda ya fi fitowa fili ba Bahaushe ba ne. Isaac Fadoyebo Bayarabe ne daga Emure-Ile kusa da Owo. Ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya zama ma'aikacin jinya a Runduna ta 81. A farkon Maris 1944 Japanawa suka afka wa rukuninsu a bakin kogin Kaladan, suka karya masa ƙafa da harsashi suka bar shi a matsayin gawa. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye su a gidansa, ya ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in aka gano shi da iyalinsa sun halaka. Fadoyebo ya dawo gida da ɗingishi, ya yi aikin gwamnati a Ikko har ya yi ritaya, ya riƙe addininsa na Kirista, ya rubuta abin da ya same shi. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya kai wasiƙar godiyarsa ga iyalan Shuyiman a 2011, ya yi fim a tashar Al Jazeera, ya kuma fitar da littafi a 2014. Fadoyebo ya rasu a 2012.

Na kawo shi ne domin rayuwarsa ita ce rayuwar namu, in ka cire alƙalamin. Yaƙi na 'yan shekaru, aikin hukuma na shekaru masu yawa, ibada har ƙarshe. Bambancin kawai shi ya yi boko ya rubuta, aka kuma samu wanda ya je ya zauna ya saurare shi. Namu ajami suka iya, ko ba su iya komai ba sai haddar izu kaɗan, kuma ba wanda ya je da rakoda. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya gina littafinsa Burma Boy na 2007 a kan labaran da ya ji daga mahaifinsa. Gidaje nawa ne a Karaye da Rogo da Gwarzo da Kiru aka yi irin wannan hira da dare, ta tafi tare da masu ita?

Bakin aiki

Daga 1945 zuwa 1946 aka riƙa dawo da su ana sallama. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta nemi ma'aikatu su ba tsofaffin sojoji fifiko wajen ɗaukar aiki, amma guraben ba su kai yawan mutanen ba. Da yawa sun koma gona. Waɗanda suka dace, En'e ta ɗauke su: masinjan hakimi, ɗan doka, gandiroba, mai gadin baitulmali, direban babbar mota, mai tsaron gandun daji, mai taimaka wa malamin asibiti wanke gyambo. Ba manyan muƙamai ba ne. Ba a buga hotonsu a jarida ba. Amma a kansu mulkin gunduma yake tsaye.

A nan ne nake ganin ainihin labarinsu yake, fiye da dajin Arakan. Dubi masinjan hakimi. Kafin hakimi ya fito ya riga ya share ofis, ya jera kujeru, ya goge kekensa har ƙarfen yana ɗaukar ido. Kakinsa ya sha sitaci, ya kwana a ƙarƙashin tabarma ko ya sha dutsen guga na gawayi. Wasiƙa in ta shiga jakarsa ta fata, ruwa ko rana sai ta isa hannun mai ita, ba a buɗe ba. Lokacin haraji da jangali yana cikin masu rakiyar kuɗi zuwa birni, sule da sisi da kwabo a cikin buhu, ta hanyar da babu kwalta, kuma albashinsa na shekara bai kai abin da ke cikin buhu ɗaya ba. Hakimi ya san dalilin da ya sa yake son tsohon soja a wannan aiki. Mutumin da ya ɗauki akwatin harsashi a ka ya haye dutse ana harbi, ba zai ce ciwon kai ya hana shi kai takarda Kano ba.

Lokaci kuma abin girmamawa ne a wurinsu. Yara kan yi musu dariya saboda tafiyarsu a miƙe da yadda suke ƙamewa in babba ya wuce. Matansu sun san tuwo ba ya wuce lokacinsa. Wannan horo ne ya bi su masallaci. Tsohon da ya saba tashi kafin ƙahon asuba bai sha wahalar tashi kafin kiran assalatu ba. Shi ne mai buɗe ƙofa, mai kunna fitila, mai cika randar alwala, mai daidaita sahu da ido kawai. Da yawansu bayan ritaya suka koma gaban malami da allo ko da Ahalari da Ishmawi, suna karatu tare da sa'o'in jikokinsu ba tare da jin kunya ba. In ka tambayi irinsu abin da ya mayar da su haka, amsar ba ta wuce cewa sun ga waɗanda suka fi su ƙarfi an binne su a ƙasar da ba mai kai musu ziyara, su kuwa Allah ya dawo da su. Wanda ya samu garatuti mai ɗan kauri, ko 'ya'ya suka tasa, ya hau jirgi a Kano ya je ya ga Makkar da ya taɓa wucewa a teku.

Ba zan ce dukkansu waliyyai ba ne, domin ba haka tarihi ya nuna ba. Bayan an kafa NEPU a Kano a Agusta 1950, 'yan dokan En'e ne aka riƙa turawa su kama magoya bayanta a ƙauyuka, a ɗaure, a yi wa wasu bulala, kuma cikin masu riƙe da kulkin akwai tsofaffin sojoji. Biyayyar da ta sa aka amince musu da buhun haraji ita ce ta sa wasunsu ba su tambayi dalili ba in an ce kamo wane. Akwai kuma waɗanda suka dawo da raunin da ba a gani a jiki: firgita cikin barci, zafin rai, shaye-shaye. Gari ya ce Burma ta taɓa su, aka bar su da iyalansu. Wanda zai tuna da wannan zuriya da gaskiya dole ya haɗa da waɗannan.

Duniya ta yi ta juyawa a kansu suna bakin aiki. An ba da mulkin kai a 1960. An ƙirƙiro Jihar Kano a Mayu 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna. Yaƙin basasa ya tashi a shekarar, sojan Nijeriya ya kumbura daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000, aka kuma kira tsofaffin 'yan Burma da ke da sauran ƙarfi suka sake sa kaki, wasu suna horar da 'ya'yan cikinsu. An haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya. Fam da sule suka koma naira da kwabo a 1973, aka sha ƙarin albashin Udoji, gyaran 1976 ya shafe En'e ya kawo ƙaramar hukuma, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Waɗanda suka yi nisan kwana sun ga an datse Challawa a ƙasar Karaye a farkon shekarun 1990, ruwa ya shafe gonakin da suka sani tun suna yara.

Hakkin da ba a cika ba

Ingila ba ta biya su daidai da Turawan da suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya tono takardun da suka nuna cewa a Gabashin Afirka, kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane watan aiki, na baƙar fata sule uku da sisi. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi wa Faransa soja su ma sun ɗanɗana: an daskarar da fanshonsu tun 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara kusan hamsin, lokacin da yawancin masu shi suna ƙasa. Namu na gida kuwa kowa ya ga layin tantance 'yan fansho, tsoho da sanda da takardu a leda, ya baro ƙauye tun asuba don ya tabbatar wa wani yaro cewa bai mutu ba.

Amma akwai wani hakki da ba Ingila ce ta danne shi ba. Dubi sunayen barikokinmu: Dodan, Myohaung, Arakan, An da Tamandu a Ikko, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Duk sunaye ne daga yaƙin nan, kuma mutane na ambatonsu kullum ba tare da sanin daga ina suka fito ba. Wurare sun samu suna, mutanen ba su samu ba. Cikin ƙananan sojoji na wancan zamani, wanda aka fi tunawa shi ne Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, ya koma wa Ingila, ya yi Habasha da Burma, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Shi ɗaya ke nan cikin dubbai. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ana ajiye furanni ana sakin tattabaru a Abuja da manyan biranen jihohi, 'yan ƙungiyar mazan jiya suna fareti, amma ba a karanta sunan kowa daga Kurugu ko Yammedi ko Turawa.

In ka samu iyalin da suka yarda suka buɗe maka akwatin, ga abin da za ka gani: ɗan littafin sallama da ya yi ja don tsufa, gefensa gara ta taɓa; wataƙila hoto ɗaya, saurayi da hula mai faɗin baki an naɗe gefe guda; da lambar tagulla mai tsini shida, zarenta ja a tsakiya da ratsin shuɗi da ruwan goro. Ita ce Tauraruwar Burma. Juya bayanta, ba suna. Yawancin lambobin da Ingila ta raba a wannan yaƙi haka aka ba da su. Ranar da littafin ya ɓace, ko aka raba gado aka zubar da "tsofaffin takardu", lambar ta zama ƙarfe kawai.

Wannan aiki ne da za a iya yi, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Hanyar da aka bi aka ɗebe su tana nan: Masarautar Karaye tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kuma mai unguwa ya san gidan da aka taɓa yin tsohon soja. A rubuta sunan mutum da na mahaifinsa, lambarsa ta soja, bataliyarsa, shekarar tafiya da ta dawowa, aikin da ya yi bayan nan, a ɗauki hoton littafin da lambar da waya a mayar wa masu su. Waɗanda ba su dawo ba, da suna da lamba ana iya neman su a rajistar hukumar kaburburan yaƙi da ke intanet, domin akwai sunayen 'yan Nijeriya cikin kusan 27,000 da aka zana a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya a Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, duk wuraren ajiye irin wannan ne. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da suka fito daga wannan yanki suna neman abin rubuta kundin kammala karatu kowace shekara.

Sojojin yaƙin basasa kuwa suna nan da ransu, sun haura shekara 75, da yawansu su ma sun yi gadi ko masinja ko tuƙi a ƙaramar hukuma bayan an rage sojoji. Su ba sai an nemi takarda ba. Ana iya zuwa bayan la'asar a gaishe su, a ce "Baba, a ba mu labari," a kunna waya.